Gini na Bakwai a Wayar Kawu

Shekarar da Kawu ya daina amsa gaisuwata, ina koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata a Bagudo. Kawu yayan Inna ne, ciki ɗaya, kuma rabin ƙuruciyata a gidansa na yi ta. Sai in je in durƙusa a bakin zaurensa in gaishe shi, shi kuwa ya ɗauki butarsa ya juya ta nan ya juya ta can, wai yana neman inda take yoyo, har gwiwata ta gaji in tashi. Sama da kwana arba'in muka yi a haka. Shinkafarsa ce ta ƙone a fadama, kuma duk wanda ka tambaya a gari zai ce maka ni na ƙone ta.

Manoman shinkafa na wajenmu maganin ciyawa iri biyu suke saye. Akwai na gida, akwai kuma wanda ke shigowa daga ƙasar Benin ta garin Lolo a bayan babur, da rubutun Faransanci a jikin kwalbar. Na Benin ɗin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ba mai iya karanta abin da ke jikinsa, sai dai kowa ya auna da gwangwanin madara yadda ya ga maƙwabcinsa ya yi. Ni kuma ban daɗe da dawowa daga karatu a Birnin Kebbi ba, hannuna yana ta ƙaiƙayi. Na ce zan rubuta wa ƙungiyar manomansu 'yar manhaja ta waya. Mutum ya taɓa hoton kwalbar da ya saya, ya taɓa girman tankin feshinsa, ita kuma ta gaya masa da murya, da Hausa, abin da zai zuba. Malamar Faransanci ta makarantarmu ta fassara mini rubutun kwalaben. Na ƙara wani shafi inda sakataren ƙungiya zai rubuta sunayen mutanensa da inda gonar kowa take. Wata uku na yi a kan aikin, kullum tsakanin tashi daga makaranta da la'asar.

Sakataren nan ɗan Kawu ne, wato taubashina. Mutum ne da ba ya son ya ji labari a bakin wani, ya fi so a ji a bakinsa. Biro uku ne a aljihun rigarsa, kuma ban taɓa ganin ya cire na biyun ba. Tun muna yara yake kirana baiwarsa, don shi ɗan namiji ne ni 'yar mace, kuma duk abin da ya gani a hannuna sai ya warce, in na yi ƙorafi manya su ce wasan taubasai ne, ba a shiga. Haka muka girma, kuma gaskiya ban ƙi shi ba a lokacin.

Ranar sunan ɗan ƙanwata, ragon suna ya tsinke ya faɗa tsakar gida, ya bi ta kan tukwanen mata, aka yi ta ihu ana dariya. Ina tsaye ina ɗaukar hoton abin, sai na ji an zare wayar daga hannuna ta baya.

"Baiwata, wagga waya ta hi ƙarhinki," in ji shi. "In kina son ta, ki kawo ƙahwar rago."

Na zage shi zagin wasa, na koma wurin aiki. Wayar a buɗe take, kuma ta kai awa guda a hannunsa kafin na aika masa da naman ya maido mini. Ban kawo komai a raina ba.

Dole in tsaya nan in bayyana wani abu, don a kansa komai ya rataya. Kowace manhaja lamba biyu gare ta. Ta farko ita ce lambar fitowa, wadda ake nuna wa mutane, irin su 1.0 ko 1.1, kuma mai manhaja ne ke sauya ta da hannunsa in ya ga dama. Ta biyu ita ce lambar gini. Duk lokacin da ka gyara kod, wato rubutun umarnin da waya ke bi, ka sake harhaɗa manhajar, gini ne sabo, kuma na saita kwamfutata tana ƙara ɗaya da kanta. Wannan lambar a ɓoye take, mai waya ba ya ganin ta ko ya shiga saitin wayarsa. Ni kuwa tun ranar da na fara aikin na rubuta 1.0, ban sake waiwayar ta ba. Ranar suna, gini na bakwai ne a wayata, na gwaji, kuma a cikinsa na yi kuskure: na ba kwalbar Benin ma'aunin kwalbar gida, gwangwani cike a maimakon rabi. Kwana biyu bayan sunan na gano, na gyara.

Kwana goma sha ɗaya bayan suna na kammala gini na tara, wanda na duba shi ciki da bai. Shugaban ƙungiya da taubashina suka zo zauren Baba, mahaifina, na tura musu daga waya zuwa waya, yadda muke yi a nan saboda ba kullum ake samun sabis ba. Shugaba ya saka tasa a gabana. Taubashina ya kalli wayarsa ya ce, "Ta shigo," ya mayar aljihu. Suka raba aiki, shugaba ya tura wa mutanen ɓangarensa, shi kuma ya tura wa nasa, har da mahaifinsa.

Kawu ne ya fara feshi da kwalbar Benin. Noman rani ne, shinkafar ta yi sati uku da dashe, ta kama ƙasa ta yi kore shar a bakin kogin Kwara. Wayar ta ce masa gwangwani cike, da muryata, domin ni na naɗi maganar. Ya zuba gwangwani cike a kowane tanki. Kafin kwana huɗu ganyen ya yi ja, kafin sati gonar ta kwanta gaba ɗaya, kuma lokacin sabon dashe ya riga ya wuce. Abincin gidansa na shekara ke nan.

Aka kira taron gaggawa a wani aji na makarantar firamare. Maza a ciki, mu mata a waje ta bakin taga, kamar yadda aka saba tun da aka daina cakuɗuwa a taro. Aka kunna wayar Kawu, muryata ta ce gwangwani cike. Aka kunna ta shugaba, muryata ta ce rabin gwangwani. Taubashina ya ɗaga tasa sama ya kunna, ita ma rabi ta ce. Aka duba, dukkansu 1.0. Sai taubashina ya gyara hula ya ce:

"Jama'a, abin da tab ba ni shi nib ba Babana. Ranar da shugaba yas samu, ran nan nis samu, gaban idonai. Ko gaban alƙali haka za ni hwaɗi. Abin nan yana canza magana daga waya zuwa waya. Ni dai na hwaɗa tun hwarko, aikin gona ba a koyon shi cikin aji na 'yan mata."

Wasu suka yi dariya. Har yau in na rufe ido ina jin dariyar nan, kuma na san bakin kowa da ta fito. Na ce ta taga manhaja ba ta canza magana, gini ne daban. Wani ya ce to ai ga shi lambar ɗaya ce, ko ita ma ƙarya take yi? Kawu ya tashi ya fita, ya wuce ta gabana bai dube ni ba.

Kafin in kai gida na san abin da ya faru. Gwangwani cike ba ya nan sai a gini na bakwai, gini na bakwai kuwa bai taɓa barin wayata ba, in ban da awa gudan da ta yi a hannun mutumin nan. Ya tura wa kansa don ya riga kowa. Ranar rabo da na tura masa na tara, ya ga suna ɗaya, lamba ɗaya, bai damu ya saka ba, ya ci gaba da raba wanda ke kan wayarsa. Da gona ta ƙone ya gane, sai ya lallaɓa ya ɗora na tara a kan tsohon, ya zo taro yana ɗaga waya. Ganganci na farko zan iya haɗiye shi. Amma ya tsaya a gaban ubansa ya jingina mini, har da ƙarin dariya, wannan kam na ce sai ya amayar da shi a inda ya faɗe shi.

Na gaya wa Baba. Ya ce ko da wasa kada in ambaci alƙali, ba a kai ɗan'uwa kotu a gidansa, kuma ba ni da shaida sai zato. Inna ta yi kuka. Ta aika wa yayanta tuwo ranar Juma'a kamar yadda ta saba, aka dawo da kwanon a rufe yadda ya tafi. A makaranta wata malama ta tambaye ni, da fuskar tausayi, ko gaskiya ne wayata tana ƙona gona daga nesa. Na daina bin hanyar kasuwa. Taubashina kuwa in mun haɗu sai ya ce, "Baiwata, a dai yi haƙuri, kowa na kuskure." Ni kuma in ce masa na gode, ina murmushin yaƙe.

Abin da nake nema a cikin wayoyin yake, sai dai ba a ganin sa da ido. Kowace babbar waya tana da wani sashe da ke riƙe da rajistar manhajojin da ke cikinta. In ka ba shi cikakken sunan manhaja ta cikin kod, zai miƙo maka bayananta: lambar fitowa, lambar gini, har da ranar da aka fara saka ta a wannan waya. Na zauna na rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja wadda ba ta da aikin komai sai wannan tambaya. Layukan da ke yin aikin ba su kai goma ba. Da na gwada, ta ce babu irin wannan manhaja a wayar, alhali ga ta ina kallo. Kwana biyu na yi ina zagin kwamfuta kafin na gano cewa sababbin wayoyi ba sa barin wata manhaja ta leƙa wata sai ka rubuta sunan wadda za ka leƙa a takardar gabatarwarta, wato fayil ɗin da manhaja ke bayyana kanta ga waya. Na rubuta. Na sake dannawa, sai ga shi a wayata: fitowa 1.0, gini 9. Na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki, har Inna ta leƙo ta ga ko lafiya.

Saura wayoyin mutane. Ba namijin da zai miƙa mini wayarsa a wannan lokaci, kuma ban ma roƙa ba. Manomin shinkafa ba ya shiga fadama da babbar waya, ruwa da laka ba su san tsadarta ba. A gida yake barin ta wurin matarsa, kuma yawancinsu ba sa kulle ta, masu kullewar ma matan sun san zanen da ake buɗe ta da shi. Don haka da hantsi, ranar da ba ni da darasi, na ɗauki mayafina na fara da gidan Kawu.

Gwaggo, matar Kawu, ita ce mahaifiyar taubashina, kuma ita ta yi mini kitso har na yi wayo. Na ce mata ina son in duba inda cutar take a wayar Kawu. Ban yi mata ƙarya ba, amma ban gaya mata wanda nake farauta ba.

"Ɗiyata, duba, ko Allah ya sa a gane," in ji ta. "Gidan ga ya yi muna zahi dut."

Ta buɗe wani kwanon samira a jeren ɗakinta ta ciro wayar a naɗe cikin ɗankwali. Na tura 'yar manhajata, na danna. Fitowa 1.0, gini 7. Ta tambaye ni me na gani, na ce mata na ga bakin zaren. Ta sa mini albarka, ta ba ni fura. Na sha furar nan tas, kuma a lokacin ko ɗis ban ji kunya ba.

Gida tara na shiga cikin sati biyu, har Zagga na je a babur, har wani gida a hanyar Matsinkai. Mata suka yi ta ciro mini wayoyi daga ƙarƙashin katifa, daga cikin buhun gero, wata ma daga tukunyar da ba a girki da ita. Duk wanda ya karɓa daga shugaba, gini 9. Duk wanda ya karɓa daga taubashina, gini 7, ba ko ɗaya da ya kauce. Ina rubutawa a bayan littafin darasina, kuma kowane bakwai da na rubuta sai in ji daɗi har raina.

Amma na san mutumina. In na kai wannan gaban taro, cewa zai yi to ai ita ta tura mini bakwai ɗin ranar rabo. Abin da zai kashe bakinsa ɗaya ne, ranar da manhajar ta fara shiga tasa wayar. Wannan rana ba ta gogewa don an ɗora sabon gini a kan tsoho, sai dai in an cire manhajar gaba ɗaya. Na tabbata bai cire ba, domin sunayen 'yan ƙungiya da ya yi kwanaki yana shigarwa za su tafi, kuma shi ba mai yin aiki sau biyu ba ne. Matsalar ita ce wayarsa ba ta kwana a kwanon kowa. Shi ba ya shiga fadama, sai dai ya tsaya a kan gaɓa yana nuni da biro.

Sai na ɗauki layukan nan na kod na zuba su a cikin manhajar manoman kanta, yadda za ta karanta bayanan kanta ta rubuta a ƙasan shafin farko da ƙananan baƙaƙe. Na sauya lambar fitowa zuwa 1.1, abin da ya kamata in yi tun tuni. Gini na goma ke nan. Na je wurin shugaba na durƙusa na ba da haƙuri, na ce na yi gyara, kuma daga yau kowace waya za ta nuna lambarta, don a riƙa tabbatarwa a taro cewa ta kowa iri ɗaya ce kafin a yi feshi. Dattijon kirki ne, ya ce wannan shawara ce mai kyau. Daga nan na nemi taubashina.

"Ubangidana," na ce masa, "ga sabuwa ta hito. Na ce ba wanda za ya riga ka samu, ko shugaba."

"Yanzu kinka yi hankali," in ji shi, yana miƙo waya.

A gabana ya ɗora ta a kan tsohuwar. Na ga layin ya fito a ƙasa, na ga kwanan watan da idona, na kau da kai da sauri don kada fuskata ta tona ni. Kwana uku suka rage a yi taro, kuma a kwana ukun nan ina tsoron ya kai idonsa ƙasan shafin. Bai kai ba. Tun muna firamare bai taɓa karanta abu har ƙarshe ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a ajin nan dai, ni kuma na kama tagar da na tsaya a wancan karon. Kawu ya zo, ya zauna a gaba. Shugaba ya ce kowa ya karanta layin ƙasa da ƙarfi, wanda ba ya karatun boko na kusa da shi ya karanta masa. Aka fara. Fitowa 1.1, gini 10, an fara sakawa ranar kaza. Ta shugaba ranar rabo ce. Ta mai bi masa, washegari. Ta Kawu, ranar rabo. Haka aka yi ta bi, ranar rabo ko bayanta, har mutane suka haddace, suna amsawa tare kamar 'yan aji. Sakatare ne na ƙarshe, don shi ke rubutawa. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji, ya karanta lambar fitowa, ya karanta lambar gini, ya karanta kwanan watan har ƙarshe kafin kansa ya riski bakinsa.

Shugaba ya ce ya maimaita. Bai maimaita ba, sai na kusa da shi ya leƙa ya karanta. Wani tsohon masunci da ke noma 'yar gona kusa da ta Kawu ya ƙirga da yatsunsa, ya ce:

"Wagga ai ranar sunan nan ta, da rago yat tsinke."

Na daɗe ina shirya abin da zan faɗa, na yi ta maimaita shi a gaban madubi, kuma ban rage ko kalma ba. Na ce ranar nan ya karɓe wayata a gaban mata sun fi ashirin. Na ce abin da ke cikinta a ranar gini na bakwai ne, na gwaji, wanda ban ba kowa ba. Na buɗe littafina na karanta gidajen da na samu gini na bakwai, na ce duk wanda ya ji gidansa ya faɗi wanda ya tura masa. Ɗaya bayan ɗaya suka juya suna kallonsa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, kuma na tsaya na kalli gumin nan da kyau, don na daɗe ina jiran sa.

"Wasa na hwa," in ji shi, muryarsa ta shige ciki. "Wasan taubasai na, kowa ya sani. Ni ban san sun bambanta ba, dut lamba guda ta."

"Ɗaukar waya wasa na, na yarda," na ce. "Rabon ma ban ce da gangan kay yi ba. Amma da kac ce ko gaban alƙali, shi ma wasa na? Ga shugaba, ga Kawu, ga jama'a. Sake hwaɗi mu ji."

Bai sake faɗa ba. Wanda ya fi kowa dariya a taron farko shi ya fara cewa a karɓe littafin ƙungiya daga hannunsa, kuma kafin a tashi an karɓe. Ya fita ta ƙofar baya, ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a bakin aji, sai daga baya aka kai masa. Matan da ke bayana suna ta taɓa ni. Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji ranar ban ji irinsa ba ko ranar da na karɓi takardar gama karatu. Har yau in an tambaye ni ko na yi nadamar abin da na yi masa, cewa nake ko kaɗan. Kawu dai ya tashi ya fita kafin a shafa fatiha.

Washegari da safe na yi wanka na sa sabon mayafi na nufi gidansa, ina tafe ina jin ƙafata ba nauyi. Na tarar da shi a zaure shi kaɗai. Daga cikin gida ina jiyo Gwaggo tana daka, ba ta leƙo ba. Na durƙusa, kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Kin gama?"

"Na gama, Kawu."

"An ce gida tara kinka shiga, har Zagga. Gonar hwa, kin taka ta?"

Ban taka ba. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

"Shi yaɗ ɗauka, na ji. Shi yay yi ƙarya, na ji, kuma ni da shi na. Muryar da tac ce mini gwangwani cike, ta wa ta?"

"Tawa ta, Kawu."

"Wa yar rubuta lamba guda bisa abu biyu?"

"Ni ta."

"To shi nika jira tun ranar. Ki zo nan ki ce Kawu, hannuna na ciki, mu tahi in ga gonar. Da kin zo, da ni da kaina za ni tsare shi cikin zauren ga har shi hwaɗi gaskiya, mu ukku, ba mai ji. Yanzu ba ya iya hita kasuwa, uwatai ta san da hannunta tab ba ki wayar, ni kuma in na dube shi sai in ga ajin nan."

Na so in ce shi ya fara kai ni ajin. Maganar ta zo har bakina, kuma har yau ina ganin gaskiyata ce. Amma na dubi fuskarsa na ga ta faɗa, na haɗiye. Na gyara durƙuso na yi abin da ya kawo ni, na ce, "Kawu, an tashi lahiya?"

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun da aka haife ni bai taɓa kirana da komai ba sai uwata. Ya ɗago ya dube ni sosai, karo na farko cikin kwana arba'in da wani abu, ya amsa.

"Lahiya lau, Malama. A gaida mutanen gida."